FARIN MAGGI DA CIWON ƘODA A HAƊEJA: KADA A BAR JAKI A DINGA DUKAN TAIKI

Duk wanda ke zama a majalisun matasa a Haɗeja, ko Auyo, ko Kafin Hausa, ko Guri, ya san da wuya a daɗe ba a ambaci wani da ciwon ƙoda ya kwantar ba. Wani an tafi da shi asibitin Malam Aminu Kano, wani an jinginar da gonarsa ta fadama don a biya kuɗin wankin ƙoda, wani kuwa tuni an kai shi makwancinsa, ya bar mata da ƙananan yara. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutar ba ta tsaya a kan tsofaffi ba, har majiya ƙarfi take kayarwa, manoma da masunta da masu jigilar kaya, waɗanda gidaje suka dogara da guminsu. Kuma idan aka bi kogin zuwa gabas, har Nguru da Gashuwa a jihar Yobe, kukan ɗaya ne.

Idan aka tambayi jama'a mene ne sanadi, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakuna ita ce farin Maggi, wanda wasu ke kira Ajino. Ana cewa yana cinye ƙoda da hanta, yana rage wa namiji ƙarfi, yana tayar da basir. Ana cewa ai har tabon riga yake fitarwa, to abin da ya wanke tufa me zai bari a hanjin ɗan Adam? Wasu sun haramta shi a gidajensu, sun kafa wa iyali doka, alhali a tukunyar gidan nan ana marmasa dunƙule huɗu ko biyar a miya ɗaya, a bi da gishiri, a bi da kanwa, maigida kuma ya ci ya yi hamdala yana ganin ya tsira.

Wannan magana tana bukatar a zauna a warware ta da natsuwa, domin rayuka ne a ciki. Musulunci bai yarda mutum ya ɗauki labari ya yaɗa ba tare da ya bincika ba, kuma bai yarda ya jefa wa cikinsa abin da zai cutar da shi ba. Matashin da ke da'awar farkawa, wanda ba ya yarda a yaudare shi a siyasa, bai kamata a yaudare shi a kwanon tuwo ba, ko yaudarar ta fito daga bakin mai talla a rediyo, ko daga bakin mai jita-jita a wayar hannu.

MENE NE FARIN MAGGI?

Sunansa a wurin masana monosodiyam gulutamet, a jikin leda kuma akan rubuta MSG. Abu biyu ne aka haɗa: sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, da gulutamet, wanda ɗaya ne daga cikin tubalan da Allah Ya gina nama da wake da madara da su. A shekarar 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan, mai suna Kikunae Ikeda, ya tsaya binciken abin da ke sa romon wata ciyawar teku da mutanensu ke dafawa ya yi garɗi. Ya tace romon har ya fitar da gulutamet. A 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Tun daga wajen 1956, lokacin da aka gano wata ƙwayar bakteriya mai samar da shi, sai aka koma yin sa ta hanyar tsima ruwan rake ko sitacin rogo ko na masara, a tace, a busar, ya fito fari kamar sukari.

A nan akwai abin da zai ba mai karatu mamaki. Garɗin da daddawa ke sa wa miyar kuka, gulutamet ne. Zaƙin da bandar tarwaɗa ke saki a tukunya, gulutamet na ciki. Yana cikin busasshen tumatir, yana cikin kilishi, yana ma cikin nonon uwa da jariri ke sha tun ranar haihuwarsa. Jikin mutum ba ya bambance wanda ya fito daga kalwa da wanda ya fito daga masana'anta, hanji ɗaya ke karɓarsu, kuma mafi yawansa a nan cikin hanjin yake ƙonewa. Ashe kakannin Haɗejawa sun san sirrin da Bajapane ya gano tun kafin a haife shi, illa dai su ba su sa masa suna ba, ba su kuma ƙulla shi a leda ba.

INA TSORON YA SAMO ASALI?

Tsoron farin Maggi ba a Haɗeja aka haife shi ba, ba ma a Nijeriya ba. A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, ya aika wasiƙa ga wata mujallar likitoci yana cewa yakan ji sanƙarewar wuya da bugun zuciya idan ya ci abinci a gidajen abincin Sinawa. Ya jero abubuwan da yake zato, har da yawan gishiri, amma jaridu suka tsinci farin Maggi suka yi ta yayatawa, suka raɗa wa abin suna ciwon gidan abincin Sinawa. Ƙyamar da Amurkawa da yawa ke yi wa Sinawa a lokacin ta ƙara wa wutar mai. A 1969 kuma wani mai bincike, John Olney, ya ɗura wa jariran ɓeraye shi ta allura da yawa ainun, ya ga ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Amma allura a fatar ɗan ɓera daban, ɗan barbaɗe a miyar mutum goma daban.

Bayan haka an yi ta gwaji a kan mutane, a ba wasu na gaske, a ba wasu na bogi, ba tare da sun san wanda suka samu ba. A 1987 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya sa shi a jerin abubuwan da ba su da haɗari idan an yi amfani da su yadda aka saba. A 1995 wani rahoto da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka yi ya nuna cewa wasu mutane ƙalilan kan ji ciwon kai ko zafin fuska na ɗan lokaci idan suka sha giram 3 ko fiye a tashi ɗaya ba tare da abinci ba. A 2017 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ja layi: miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ga saurayi mai nauyin kilo 60, wajen giram 2 ke nan, kusan rabin cokalin shayi.

Ma'anar wannan duka ita ce farin Maggi ba gubar da ake faɗa ba ne, amma kuma ba abin kamfata da hannu ba ne. Yana da iyaka kamar kowane abu. Batun wanke tabo kuwa ba hujja ba ce, domin lemun tsami ma yana fitar da tabo, toka ma da ita ake wanke tukunya, kuma ba wanda ya daina shan lemun tsami saboda haka. Zancen rage ƙarfin namiji shi ma babu wani tabbataccen bincike a kan mutane da ya tsaida shi. Abin da likitoci suka tabbatar yana kashe wa namiji ƙarfi shi ne hawan jini da ciwon sukari da taba, kuma hanyar hawan jini, kamar yadda za a gani, ta cikin tukunya ta bi.

Akwai tambayar halacci, kuma tambaya ce mai kyau. A farkon 2001 majalisar malamai ta ƙasar Indonesiya ta bayyana cewa Ajinomoton da ake yi a can bai halatta ba, saboda an yi amfani da wani sinadari da aka samo daga alade wajen shirya abincin bakteriyar da ke tsima shi. Aka janye kayan daga kasuwa, aka tsare wasu manyan ma'aikatan kamfanin, kamfanin ya nemi afuwa ya sauya sinadarin. Darasin da ke nan babba ne. Malaman can ba su tsaya a kan an ce ka ce ba, sun shiga masana'anta, sun duba takardu, sun bi diddigin kowane abu da ake zubawa, sannan suka yi hukunci, kuma kamfanin ƙasa da ƙasa ya rusuna. Ilimi da bincike ne suka rusunar da shi. Ina irin wannan bin diddigi a kasuwannin Jigawa, inda ake auna farin abu daga buhu a mudu, babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa? Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irin wannan na awo, domin ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da aka gauraya a cikinsa. Idan akwai farin Maggin da ya cancanci tsoro, to shi ne wannan.

GA JAKIN NAN

Jakin da aka bari shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliya da yaji da komai. To dunƙulen nan da ake ganin ya fi farin Maggi aminci, kusan rabinsa gishiri ne tsantsa, sauran kuma farin Maggin ne da kansa, da sitaci, da mai, da launi, da ƙamshi. Wanda ya kori Ajino ta ƙofa ya shigo da dunƙule ta taga, Ajinon ya dawo masa, ya kuma taho da buhun gishiri a goye. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne. Ke nan uku kacal sun wuce gishirin da mutum ɗaya ya kamata ya ci tun daga asuba har dare. Abin ban mamaki, sodiyam da ke cikin farin Maggi kashi 12 ne cikin 100, na gishirin miya kuwa kusan kashi 40.

Yanzu ɗan'uwa ya bi ranarsa ɗaya ya lissafa. Da safe ya tsaya teburin mai shayi, a dafa masa Indomie biyu, a juye ledojin ɗanɗanonsu duka, a marmasa dunƙule a ƙwai, a barbaɗa yaji wanda shi ma an daka shi da dunƙule da gishiri. Da rana garau-garau ko ɗanwake, da mai da yaji, a sake marmasa wani a kai. Da la'asar awara ko soyayyen kifi da yaji. Da dare tuwo da miyar da aka zuba wa dunƙule da gishiri da kanwa, idan aljihu da nauyi a rufe da tsire. Babu lomar da ya ji ta yi masa gishiri da yawa, saboda harshe ya riga ya saba. Amma jijiyoyin jini ba su sabawa, lissafi suke yi a ɓoye.

Ga yadda abin ke aiki. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Ruwa ya yi yawa a jijiya, jini ya hau. Ƙoda kuwa matata ce mai ɗauke da ƙananan rariya kusan miliyan guda a kowace ɗaya, masu laushi ƙwarai. Idan jini ya shekara yana dukan su da ƙarfi, sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba zafi ba ciwo. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da gishiri, sai jinin ya ƙara hawa, ƙodar ta ƙara lalacewa. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana noma yana tafiya kasuwa bai sani ba. Ranar da ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa, amai ya ƙi tsayawa, yawanci aikin gama ya gama, sai wanki sau biyu ko uku a mako. Ƙididdigar masana lafiya ta nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Daga nan ne shanyewar ɓarin jiki ke fitowa, wadda ake ɗora wa iska ko sammu.

Kada kuma a ce kayan gargajiya duk lafiya lau ne. Kanwa ma sodiyam ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta hakan da yawan shan kunun kanwa tare da kwanciya a gadon wuta da wankan ruwan zafi. Gaskiya ba ta da ɓangare. Abin da ya cutar, ko daga Legas ya zo ko daga tafkin kanwa, a rage shi.

WA YA CI RIBAR TUKUNYA?

Wanke farin Maggi daga ƙazafi ba ya nufin wanke 'yan jari-hujja daga laifi. Julius Maggi mutumin Suwizalan ne, dunƙulensa ya fito a 1908, kamfanin Nestlé ya mallaki sunan a 1947, kayan suka shigo Nijeriya a shekarun 1960. Ajinomoto ya kafa reshensa a Legas a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Nestlé da bakinsa ya faɗa cewa yana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 kowace rana a yammaci da tsakiyar Afirka. Kamfani ɗaya ke nan, ban da Knorr da Royco da Onga da sauransu. Shekara da shekaru ana buga ganga a rediyo da talabijin, ana shirya gasar girki, ana raba zannuwa da bokitai, har aka cusa wa mace cewa miyar da babu dunƙule miyar ƙauye ce, daddawa kuma wari take yi. Amarya ta tashi da wannan karatun, ta koya wa 'yarta.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Dunƙule ya samu gindin zama ne saboda talauci. Magidancin da ba zai iya sayen kifi ko nama ba, da kuɗi kaɗan zai sayi ɗanɗanon nama ba tare da naman ba. Harshe ya ji daɗi, ciki ya cika da tuwo, amma jikin yaro bai samu abin gina shi ba. Wannan yaudara ce da ake yi wa yunwa. Kuma a ina? A Haɗeja, garin da kasuwar kifinsa ta yi suna a faɗin ƙasar nan, inda ake loda banda a manyan motoci zuwa kudu. Masunci ya kwana a ruwa ya kamo tarwaɗa da karfasa, ya sayar don ya biya bashi, ya koma gida da dunƙule mai hoton kaza. Garin da Sarki Muhammadu ya tsaya ya yi shahada a 1906 don kada ya miƙa wuya ga Bature, yau tukunyarsa ta miƙa wuya ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba.

Kifin ma ya ragu, kuma ba haka kawai ba. Madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ambaliya ke shiga fadama tana ja da baya, wanda da shi ne kifi ke hayayyafa. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Itacen ɗorawa, wanda ke ba da kalwa ta daddawa, da garin da yara ke sha, da makuba ta daɓe, ana ta sare shi a ƙasar Hausa don itace da gawayi, ba a dasa wani. Kalwa ta yi tsada, mata masu daddawa suna tsufa babu magada. Sai ga shi kamfanin Ajinomoto da kansa ya fito da garin daddawa a leda yana sayarwa da sunan DeliDawa. Abin da aka ce yana wari, da aka ga akwai riba a cikinsa, an dawo da shi da sabuwar riga. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daddawa abinci ce, ba ɗanɗano kaɗai ba. A dafa kalwa ta yi laushi, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye kwana biyu zuwa uku har ta nuna, a kirɓa, a shanya. Abin da ya fito kusan kashi ɗaya cikin uku nasa abin gina jiki ne, ga mai, kuma ba sai an zuba masa gishiri ba. Inda kalwa ta yi wuya akwai daddawar waken soya, akwai daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, a jihar da ke noma zoɓo har ana fitar da shi ƙasashen waje.

SAURAN WAƊANDA AKE TUHUMA

Zai zama zalunci a ce gishiri kaɗai ne ke kashe ƙodar mutanen kwarin Haɗeja. Gishiri ana cin sa a Kano da Katsina da Legas, amma yawan cutar a bakin wannan kogi ya sa masana suna neman ƙarin dalili, har gwamnatin Yobe ta ɗora wa masu bincike na jami'arta da ke Damaturu aikin bin diddigin lamarin. Abubuwan da ake dubawa sanannu ne. Akwai ruwan sha. Akwai dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, wanda ke gangarawa kogin Challawa, shi kuma ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Akwai magungunan feshi da manomi ke gaurayawa da hannu, ya fesa ba takunkumi, ya wanke tankin a ruwan da zai sha. Akwai masu zuba wa banda da wake maganin ƙwari irin su piya-piya don kada su ɓaci. Akwai aikin ƙarfi a zafin bazara ba tare da isasshen ruwan sha ba. Akwai ƙwayoyin kashe ciwon jiki da leburori ke haɗiya kullum don su iya fita gobe, da jiƙe-jiƙen maganin basir da na ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a jarka bakin tasha. Akwai tsargiya, wadda yaran bakin ruwa ke fama da ita har ana ganin fitsarin jini kamar al'ada.

Wannan shi ne babban haɗarin jita-jitar farin Maggi. Tana ba kowa hutu. Mai masana'anta ya huta, mai sayar da maganin feshi ya huta, jami'in da aka ba kuɗin ruwan sha ya huta, saurayi mai haɗiyar ƙwaya ya huta, an samu ledar naira kaɗan an rataya mata laifin duka. Azzalumi ba abin da yake so irin ya ga raunana suna faɗa da inuwa.

Mahukunta su ma suna magana da baki biyu. A 2024 an fito da ƙa'idar ƙara wa dunƙule sinadaran ƙarin jini da bitamin, da hujjar cewa tunda kowane gida yana ci, a bi ta nan a yaƙi tamowa. A 2025 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin rage cin gishiri. Uwar da ta ji an ce dunƙule yana ƙara jini, me zai hana ta ƙara ɗaya a tukunya? Haƙƙin talaka ne a tilasta wa kamfanoni rage gishirin kayansu, su rubuta yawansa ɓaro-ɓaro da Hausa, a boko da ajami, yadda mai saye a Kiri Kasamma ko Birniwa zai karanta. Haƙƙinsa ne a gwada ruwan rijiyoyi da na famfo a faɗa masa sakamako. Gina wuraren wankin ƙoda abu ne mai kyau, amma wanda ya tsaya kwashe ruwa a ɗaki bai hau ya toshe yoyon rufi ba, har damina ta ƙare bai huta ba.

ABIN DA KE HANNUN MATASHI

Ba sai an jira gwamnati ba. Na farko, kowane saurayi da ya haura shekara 18 ya je a auna masa jini, ya kai mahaifinsa da mahaifiyarsa. Awon ba ya ɗaukar minti biyar. Idan ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, ya ga likita, kuma idan an ɗora shi a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A haɗa da gwajin fitsari da na sukari ko sau ɗaya a shekara. 'Yan'uwa masu ilimin jinya suna iya ajiye na'urar awo a harabar masallaci bayan sallar Juma'a, su yi wa jama'a kyauta. Wannan hidima ce da za ta ceci rayuka fiye da dogon jawabi.

Na biyu, a teburin mai shayi ya buɗe baki ya ce rabin leda ta isa, kada a ƙara dunƙule. A gida kuwa kada ya shiga da tsawa, domin ba Inna ce ta ƙirƙiro dunƙule ba, kuma wanda bai kawo cefane ba ba shi da bakin kushe miya. Ya sayo daddawa da ɗan busasshen kifi mai tsabta, da citta da tafarnuwa da masoro da albasa, ya ajiye mata, ya roƙe ta da ladabi a rage dunƙule ɗaya wannan makon, wani ɗaya bayan mako biyu. Idan an sa dunƙule kada a ƙara gishiri. Harshe yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, har tsohuwar miyar ta koma yi masa ɗaci. Mai shirin aure ya fara wannan magana da wadda zai aura tun yanzu.

Na uku, ya guji farin Maggin awo marar suna, wanda ke da rajista ma ɗan kaɗan ya isa. Ya sha ruwa sosai idan yana aikin rana, ya rufe hanci da hannu idan zai yi feshi, ya daina mayar da ƙwayar ciwon jiki abincin dare. Na huɗu, idan saƙo ya shigo wayarsa cewa wani abu yana kashe mutane, ya tambayi wa ya faɗa, a ina, yaushe, kafin ya tura wa wani. Na biyar, wanda ke da gona ya dasa ɗorawa ko guda biyu a kan iyaka. Ba lallai shi ya ci kalwarta da yawa ba, amma 'ya'yansa za su ci, kuma lada na gudana.

Jiki amana ne, za a tambayi kowa yadda ya yi da nasa. Al'ummar da samarinta ke kwance a gadon wankin ƙoda ba ta iya noma fadamarta, balle ta tsaya wa gaskiya a gaban azzalumi. Gyaran kuwa daga bakin murhu zai fara, da cokalin shayi ɗaya.

Allah Ya bai wa marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya tsare sauran bayinSa daga cuta ta fili da ta ɓoye. Amin.